Tan 75 da tan 75: me ya sa Timber Wolf ɗina ya raba ni da abokan wasa?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muke buga BattleTech, wasan tebur na yaƙin manyan injina, duk yammacin Asabar a Unguwar Rimi. Na yi wata uku ina tara kuɗi kafin yayana da ke Ingila ya sayo mini kundin injinan wasan mai suna Technical Readout 3050. Na ɗauki injin Timber Wolf mai tan 75 daga cikinsa, abokina ya fito da Marauder ɗinsa, shi ma tan 75. Sau uku ina gamawa da shi bai yi mini wani lahani ba. Yanzu sun ce ko dai littafin jabu ne ko magudi nake yi, sati biyu ke nan ba wanda ya kira ni. Amma wani da ya riga mu fara wasan ya ce muddin tan ya zo ɗaya babu zalunci. Don Allah asarar kuɗi na yi?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, littafinka ba jabu ba ne, kuma ba ka yi magudi ba. Amma abokanka ma suna da gaskiya, an cuce su. Wanda ya haɗa ku rigima shi ne wancan tsohon hannun da ya ce tan ya wadatar.

Na gaji da jin wannan magana, wallahi. Kusan duk teburin da ya watse a garin nan, in ka bi diddigi, ita za ka tarar. Mutum ya buga wasa sau goma, ya haddace cewa Atlas tan 100 ne, Locust tan 20, shi ke nan ya zama alƙali, yana raba wa yara injina da sikeli kamar mai auna masara. Tan ba ya gaya maka komai sai iya kayan da ƙashin injin zai ɗauka. Wane irin kaya aka ɗora, a wane zamani aka ƙera su, wannan sikeli ba ya gani. Tsohuwar Fijo 504 da aka haɗa a Kakuri za ta iya yin nauyi ɗaya da motar bana, amma ba mai hankalin da zai jera su tsere ya ce an yi adalci.

Ɗauko takardun injinan biyu ka ajiye su gefe da gefe. Marauder MAD-3R na zamanin 3025 ne a kalandar labarin wasan: tafiya gida 4 a kan taswira, gudu 6, manyan bindigogin PPC biyu, matsakaitan lesa biyu, igwar AC/5 ɗaya, da masanyaya 16 masu zubar da zafi ɗai-ɗai. In abokinka ya taka ya harba PPC ɗinsa duka biyu, zafi 21 ya tara, 16 ya zube, saura 5. Wannan biyar ɗin kaɗai ta rage masa gida ɗaya a zagaye na gaba. Ya maimaita, saitinsa ya fara lalacewa, domin daga zafi 8 lambar da yake nema a dais take ƙaruwa. Shi ya sa duk wanda ya iya tuƙa Marauder yake harba biyu, ya harba ɗaya, ya huta.

Kai kuma fa? Tafiya 5, gudu 8. Masanyaya 17 masu ninki biyu, wato kana zubar da 34 duk zagaye. Manyan lesanka biyu na Clan, wato baƙin mahara na labarin wasan, kowanne yana cin sulke 10, daidai da PPC, amma suna kaiwa gida 25, shi kuwa nasa a 18 yake tsayawa. Ka harba duka biyun kana tafe, zafi 25, ko gumi ba ka yi ba. In taswira ta yalwata, ja da baya kawai za ka riƙa yi gida biyar-biyar, shi yana bin ka da gudu yana rage gida ɗaya tal a kowane zagaye, kana yanka shi tun daga nesa. Ban ma kawo maganar maharban makamai masu linzami LRM 20 guda biyu da ke kafaɗunka ba, waɗanda ba su da matsalar saiti in abokin gaba ya matso cikin gida 6, wadda nasu na Inner Sphere, daulolin da suka ƙera Marauder, ke fama da ita. Sulke kuma 230 gare ka, shi 184. To ina adalcin?

Kuma da gangan aka yi haka. Lokacin da kamfanin FASA ya fitar da kundin 3050 a 1990, labarin da yake son bayarwa shi ne na mamayar Clan: wasu baƙi sun faɗo da makaman da suka fi na kowa, suna tattake rundunoni. A cikin labarin ma, abin da ke rage musu kaifi al'adarsu ce ta rage yawan mayaƙa kafin a gwabza da kuma faɗan ɗaya da ɗaya. Sai da aka kai yaƙin duniyar Tukayyid a 3052 kafin ƙungiyar ComStar ta taka musu birki. Injin da aka zana don ya firgita daula guda, shi ka kawo wa abokinka ranar Asabar da yamma.

Abin da masu fatawar tan ba sa son ji shi ne, kundin injina ba littafin doka ba ne, kuma ba a rubuta shi don raba rundunoni ba. Rabin kowane shafi labari ne, an tsara shi kamar rahoton leƙen asiri daga cikin duniyar wasan: wane kamfani ya ƙera, a wace duniya, wane matuƙi ya yi suna da shi. Yana da daɗin karatu, ni ma nakan kwana a kansa. Amma na taɓa ganin mutum ya dage sai an ba Rifleman ɗinsa rangwamen saiti don shafin ya yabi na'urar bin jirage da ke kansa. Irin wannan sai in tebur ya amince tun farko da dokokin zaɓi na halayen injina. In ba haka ba, takardar injin da littafin doka, ko Total Warfare ko BattleMech Manual, su ke da magana.

Kalmar jabu ma a riƙa jinkirta ta. Akwai bugun kundin 3025 na 1996 da ba za ka ga Marauder ko Warhammer a ciki ba, an cire su ne sakamakon rigimar haƙƙin zane da kamfanin Harmony Gold. Na asali ne, ba na bayan fage ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa BV, wato ƙimar injin a fagen fama, wadda ke haɗa makami, nisa, gudu, sulke da zafi wuri ɗaya. In bugun farko aka sayo maka ba za ka same ta a ciki ba, domin littafin ya riga ta fitowa. Buɗe shafin intanet na Master Unit List a wayarka, kyauta ne. Timber Wolf Prime 2,737. Marauder MAD-3R 1,363. Atlas AS7-D da ake ta kurantawa, duk da tan 100 ɗinsa, 1,897 ne.

Ka lura Marauder biyu sun tashi 2,726, tazarar 11 kacal tsakaninsu da naka. Don haka ranar Asabar ka je da kanka, kada ka jira kira. Ka ce wa mutum biyu kowa ya ɗauki Marauder, kai kaɗai da Timber Wolf, matuƙa duka a matakin ƙwarewa 4/5 (harbi 4, tuƙi 5). In ka nace sai matuƙin Clan mai 3/4, wanda ya fi ƙwarewa, ƙimarka ta haura, sai ka ƙara musu wani ƙaramin inji, na huɗunku ya samu abin tuƙawa. Ku shimfiɗa taswira mai tuddai da kurmi, ba fili fetal ba.