An Sauya Mini Firij, Ina Makomar Ƙarin Garantin Da Na Biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi firij a wani shago a Sabon Gari, yana da garantin kamfani na shekara ɗaya, na kuma biya kuɗi daban domin ƙarin garantin shekara biyu. Da ya shiga wata na bakwai sai ya daina sanyi, aka kai shi gyara sau biyu bai yi ba, daga baya suka ba ni sabo. Yanzu yaron shagon ya ce ƙarin garantin ya tafi da tsohon firij ɗin. Shin haka abin yake? Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar yaron shago ba ita ce hukunci ba, takardar da aka ba ki ranar ciniki ita ce abin dubawa. Ƙarin garanti yarjejeniya ce mai zaman kanta, kuma galibi ana ɗaure ta ne da lambar na'urar, wato lambar nan da ke jikin 'yar takardar da aka manna a bayan firij ko a bangonsa na ciki. Tun da an ɗauke tsohon, lambar da ke takardarki ta daina dacewa da abin da ke ɗakinki, kuma duk ranar da sabon ya samu matsala, wannan saɓanin ne za a fara kafa miki hujja da shi.

Akwai yarjejeniyoyin da suka tanadi cewa da zarar an ba mutum sabuwar na'ura a ƙarƙashin ƙarin garantin, to an sauke nauyi, garantin ya ƙare. Amma naki ba haka yake ba, domin a wata na bakwai aka yi sauyin, lokacin da garantin kamfani ke aiki. Idan ƙarin naki bayan cikar shekarar zai fara, kamar yadda aka saba tsarawa, ashe kin biya kuɗin abin da ko kwana ɗaya ba ki mora ba. A ganina adalci a nan ɗayan biyu ne, ko a mayar da shi kan sabon firij ɗin, ko a dawo miki da kuɗinki. Sai dai kada ki ɗauka cewa lissafi zai koma farko, domin kamfanoni da dama ragowar watannin tsohon suke ɗora wa sabon.

Ki koma shagon da rasit ɗinki da takardar garantin, ki nemi mai shagon da kansa, ki buƙaci a rubuta lambar sabon firij da ranar sauyin, a sa hannu a buga hatimi. Alkawarin baka na "ai mun san juna, Hajiya" ba ya amfani ranar da aka canza ma'aikata. Ki kuma karanta abin da aka keɓe, musamman lalacewar da hauhawar ƙarfin wuta ta jawo, wadda yawancin garanti ba ya ɗauka, abin da ya sa sitabilaiza ta zama dole a gidajenmu.

Idan suka ƙi, dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, ta kuma ba shi damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa domin a gyara, a sauya, ko a biya shi. Rubutun nan na ƙasan rasit cewa kaya in sun fita ba sa dawowa ba ya soke wannan haƙƙi. Kina iya kai ƙorafi a rubuce ga FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, ki haɗa da hoton lambobin biyu da kwafin takardunki, ki riƙe na asali a hannunki.