Ni ke kwana gyara, wani aka ƙara wa girma

Assalamu alaikum Anti. Daga gida nake aiki a Barnawa, Kaduna, da wani babban kamfani mai manhajar da manyan ma'aikatu ke lissafin kuɗi da biyan albashi da ita. Anti, abin ya ishe ni. Duk ƙarshen wata, lokacin rufe lissafi, ni ake tasa cikin dare in albashin wata ma'aikata ya maƙale. An ɗauke wuta, inbata na kuka, ni ina gaban kwamfuta har kiran asalatu. Da sunayen ƙarin girma suka fito, sai ga yaron da ni na koya masa yadda ake bin tikiti, wato rahoton matsalar da aka kawo a gyara, a manhajar Jira. Ni fa na koya masa! Shi yana ofishin Legas, a mitin bakinsa ba ya shiru. Manajana kuwa daga "sannu da ƙoƙari" shi ke nan. Ko ganawar da muke yi mu biyu ma nakan ce a bar ta, aiki ya yi yawa, kuma me zan ce masa? Ai yana ganin aikina. To in yana gani, me ya hana? Ko don ina Arewa ne? Ni na koya wa yaron nan, Anti. In ajiye aikin ne kawai?

Ɗanki daga Barnawa

Wa alaikumus salam ɗana. Ban ji ta bakin kowa ba, don haka ba zan raba muku gardama ba. Amma yaron nan na Legas bai ci haƙƙinka ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ganawar nan da kake cewa a bar ta.

A irin waɗannan kamfanoni, manaja shi kaɗai ba ya ƙara wa kowa girma. Manajoji kan zauna, sau ɗaya ko biyu a shekara, su auna ma'aikata da juna, guraben kuma ƙidayayyu ne. Naka manajan yana da mintuna kaɗan ya kare ka a gaban mutanen da ba su taɓa jin muryarka ba. "Yana da ƙoƙari" ba hujja ba ce a wurin. Da me ka aike shi?

Ka maido da ganawar a makon nan. Ka nemi takardar matakan aiki, wadda ta fayyace abin da ake so daga mai matakin da ke sama da naka, ka tambaye shi kai tsaye: wanne na cika, wanne ya rage? Amsarsa ka tura masa a imel bayan kun tashi. Duk Alhamis ka rubuta layi huɗu: lambar tikiti, abin da ya lalace, awa nawa gyaran ya ɗauka, mutum nawa albashinsu ya fita saboda kai. Ka nemi mutum biyu daga wasu sassan da za su yi maka shaida a rubuce, wata uku kafin zaman.

Kwanan gyaran nan kuma tarko ne. Wanda ya iya kashe gobara ba a son ɗauke shi daga bakin wuta. Ka zaɓi matsalar da ta fi dawowa duk wata, ka rubuta tushenta, ka jagoranci gyaranta na dindindin, ka koya wa wasu su karɓi kiran dare. Aikin mataki na gaba ke nan, kuma sai an ga kana yin sa ake ba ka shi.

Ku kuma 'ya'yana masu aiki daga gida, kawaici da kunya tarbiyya ce mai kyau a gaban surukai. A wurin aiki, faɗin abin da ka yi da lambobinsa ba fariya ba ce, rahoto ne. Ku kunna kyamara, ku yi magana a mitin.

Zancen Arewa ban kore shi ba, domin na nesa da ofis an fi saurin mantawa da shi. Kada ka ajiye aiki yanzu. In ka cika abin da aka rubuta, zama na gaba ya wuce aka sake cewa ka jira, ka nemi sauyin sashe a cikin kamfanin, kana kuma neman wani wurin a hankali.