Amsa ga mai sayar da injin ban-ruwa na sola a Auyo

Malam, ka tambaya me ya sa manoman rani suke yaba injinka mai aiki da hasken rana amma ba sa saye, alhali fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafinsa a Mayun 2023.

A ganina matsalar tana ga tsarin cinikin. Manomi yana iya sayen fetur lita-lita, amma kuɗin inji da farantin sola a dunƙule ba ya samuwa sai bayan girbin alkama ko shinkafa, saboda haka ka raba biyan kashi-kashi bisa lokacin girbi. Sannan ka kafa guda a gonar manomin da ake jin maganarsa, mutane su ga ruwa yana cika fangali da tsakar rana babu ƙara babu hayaƙi, domin gani ya kori ji.

Babban kuskure shi ne sayarwa ba tare da tanadin mai gyara da kayan gyara ba. Inji ɗaya ya tsaya lokacin da alkama take fitar da kai, labarinsa zai zaga kasuwar Haɗeja. Ka nemi ƙwararre ya auna zurfin rijiyar kowane manomi kafin ka zaɓa masa inji, lauya kuma ya rubuta yarjejeniyar bashin.