Ɗaga Hilux sama: riba ce ko ɓarnar kuɗi?

Ɗan'uwa, ka ce Hilux ɗinka tana jigila daga Tawa zuwa ƙauyukan Abalak, kana so ka canza amortisa (abin da ke rage jijjiga) da lam (faffaɗan ƙarafan da ke ɗauke da nauyin bayan mota) don ta ƙara tsawo. Ni dai shawarata, kada ka wuce santimita 5.

Ɗagawar tana nisanta cikin motar da ƙasa, ta rage bugun dutse da gaɓar kwari lokacin damina. Amma pon ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, yana nan inda yake, manyan tayoyi ne kaɗai ke ɗaga shi. Su kuwa suna ƙara shan gazuwal, suna rage wa mota ƙarfin tashi.

Matsalar tana ƙafafun gaba. Idan aka zarce santimita 5, kardan, wato sandar da ke juya tayar gaba, yana aiki a karkace, robarsa ta tsage, rairayi ya shiga cikin giris, sai ka fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da ka karya sitiyari. Rotil ma, wato mahaɗin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa, ba ya daɗewa. Ga kuma lodi: mota mai tsawo da aka jibga wa buhunan hatsi, mutane a bisa, saurin kifewa gare ta a kwana.

In rairayi ne damuwarka, rage iskar taya ya fi ɗagawa amfani nesa ba kusa ba, ka dai riƙe famfo a mota. In kuwa lodi ne ke sa bayanta zama, a ƙara maka lam kawai.

Wanda ba ya sauka daga gudron Yamai, ado kawai zai saya. Kai mai shiga daji, ka sa kaya masu kyau, kuma makanike ya daidaita ƙafafun kafin ka kama hanya, in ba haka ba tayoyin za su cinye ta gefe guda.