Kar ka haɗa injin jirgin kai tsaye da Arduino

Malam, ka ce ka haɗa injin ƙaramin jirgin ƙasanka na wasa da ƙafar (pin) Arduino Uno, ɗan allon nan mai sarrafa na'urori, ya ƙi motsi. Don Allah cire shi kafin allon ya ƙone. Ƙafa guda volt 5 take bayarwa, ba ta jure abin da ya wuce miliamfa 40, jirgin HO (sunan girman irin wannan jirgin wasa) kuwa volt 12 yake so. Sa L298N (allon da ke tuƙa inji) a tsakani, ka ba shi wutarsa daban, ka haɗe GND ɗinsa (wayar negatif) da na Arduino. Gudu kuma PWM (kunna wuta da kashe ta da sauri-sauri) ke daidaita shi, ƙafa ta 9 ta isa.

Ni nan Damagaram ƙurar hunturu ce ta wahalar da ni. Jirgina ya riƙa tsayawa a kwana, ina ta zargin waya, ashe layin dogon ne ya yi datti. Goge naka da tsumma da ɗan alkol kafin ka kunna.