Amsar maigida: yadda aka gane sabulu yana dunƙulewa cikin ruwa

Ɗana, jiya a shago muna kaɗa sabulun ruwa ka yi mini tambaya biyu, masu saye suka hana ni amsawa. Ka ce ta yaya aka san ƙwayoyin sabulu suna dunƙulewa tunda ido ba ya ganinsu, kuma me ya hana mu zuba sinadarin kumfar kashe gobara a robarmu tunda ka ji ya fi namu ƙarfi. Na ji daɗin tambayar, shekarata 20 ina wannan sana'a a Gusau, yaran da suka taɓa yi mini irinta ba su da yawa.

Ƙwayar sabulu kamar tsinken ashana take. Kan yana son ruwa, jelar kuwa ruwa abokin gabarta ne, maiƙo take nema. Idan sabulun kaɗan ne, kowace ƙwaya harkarta take yi, wasu su taru a saman ruwa. Da zarar yawansu ya kai wani mizani, sai su yi abin da shanu ke yi idan sun ji motsin kura: ƙaho waje, maruƙa a tsakiya. Kawuna su fuskanci ruwa, jeloli su ɓuya ciki, kuma nan ne ɗigon manjan da ke kan faranti yake shigewa har ruwa ya tafi da shi. Masana suna kiran wannan dunƙule maisel. Ga SLS ɗin da muke saye, wato sinadarin da ke sa sabulunmu kumfa, mizanin wajen giram 2.4 ne a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, kuma ƙwaya kusan 60 ke haɗuwa a dunƙule guda. Gishirin da kake barbaɗawa yana sa su dunƙule da wuri, ya kuma tsawaita dunƙulen, shi ya sa kake jin muciya ta yi nauyi a hannunka. Ka zarce, ya tsinke.

To, ga ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gani. Akwai na'urar da ake kira NMR, 'yar uwar MRI ta asibiti, tun 1946 aka gano hikimarta. Ana zuba ruwan sabulu a siririyar kwalba, a sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika mata igiyar rediyo, cibiyar zarra ta amsa da nata sautin. Sinadarin fulorin ya fi daɗin saurare, domin sautinsa yana sauyawa sosai da abin da ke kewaye da shi, ga shi ruwa ba shi da fulorin balle ya yi masa hayaniya. A 1967 Norbert Muller da abokin aikinsa a Amurka suka yi amfani da sabulu mai fulorin a ƙarshen jela. Suna ƙara yawansa sautin yana nan daram, sai da aka kai mizanin nan ya fara gusawa, alamar jelar ta bar ruwa ta shige ɗaki. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in ƙara girmama robar nan da muke kaɗawa.

Sinadarin gobara kuwa, gaskiya aka faɗa maka, yana da ƙarfi. Jelarsa fulorin ce, ba ta son ruwa, ba ta son mai, shi ya sa kumfarsa ke shimfiɗuwa a kan fetur mai ci ta toshe masa iska. Amma ba ya ruɓewa, yana taruwa a jinin mutum. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta ɗauki mataki kan biyu daga cikin irin waɗannan sinadarai masu fulorin: ta taƙaita PFOS a 2009, ta sa PFOA cikin jerin haramtattu a 2019. Ruwan wanke-wankenmu kwata yake bi, ya gangara kogi, a madatsar ruwa ta Bakolori a yi ban ruwan shinkafa da shi. Ko kyauta aka kawo maka, kada ya shigo mini shago.

Gobe ka zo da kofi uku da ma'auni, mu gwada gishirin da hannunka.