Tambaya da Amsa: Kasuwa ta hana ni zuwa addu'a

Tambaya: Baba, barka da aiki. Hatsi da wake nake sayarwa a babbar kasuwar Maradi, da su nake riƙe yara tun da maigidana ya rasu. Ranar Lahadi ba na fashin sujada, amma addu'ar tsakiyar mako da taron zumuntar mata sun gagare ni, don sai magariba nake tashi. Wata uwa a zumunta ta ce na yi sanyi, kasuwa ta cinye ni. Maganar ta tsaya mini a rai. Anya Allah yana karɓar sujadata kuwa? Daga wata ƴar'uwa a unguwar Zariya.

Amsa: Ƴata, Ubangiji ya ƙarfafa ki, ya raya miki yaran nan.

Kafin mu zo kan taro, ina so ki dubi tiyar da kike awo da ita. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi magana a kan masu sana'arki a sura 8, aya 4 zuwa 6. Mutanen nan ba sa fashin ibada, suna kiyaye Asabar sarai. Amma suna zaune ne suna ƙagara rana ta wuce su buɗe buhu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su haɗa har da sharar hatsi su sayar wa talaka. A sura 5 ta littafin kuwa Allah ya ce wa jama'ar su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ma ta hana a ajiye mudu biyu, babba da ƙarami.

Kin fi ni sanin yadda ake yi. Akwai tiyar sayen kaya daga baƙauye, mai faɗin ciki, akwai kuma wadda aka ɗan buga wa gindi don mai saye. Akwai hannun da ke share tozon awo idan yarinya aka aiko, ya bar shi idan uwar ce ta zo da kanta. Akwai waken da ƙwari suka fara ci, a binne shi a ƙasa a lulluɓe da mai kyau. Da damina, lokacin da rumbuna suka ƙare, farashi ya hau, jarabar nan ta fi tsanani, domin mai yunwa ba ya tsayawa ciniki. Idan a wannan lokaci tiyarki ɗaya ce ga kowa, to kina yin abin da Bulus ya roƙi Romawa a sura 12, wato miƙa jiki hadaya mai rai. Da wannan hannun mai awo ake miƙa ta.

Kada ki manta kuma, yawancin maƙwabtanki a rumfa Musulmi ne, sun san ke Kirista ce. Ba su ji wa'azin Lahadi ba, awonki suke gani, da yadda kike amsa wa wanda ya riƙe miki bashi.

Lidiya ta Ayyukan Manzanni 16 ƴar kasuwa ce, tufafin shunayya take sayarwa a Filibi. Da ta ba da gaskiya ba mu karanta cewa ta bar sana'a ba, gidanta ta buɗe wa masu bi.

Sai dai ba zan ce uwar nan ba ta da gaskiya ko kaɗan ba. Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa, icen da aka janye daga murhu kuwa ba ya daɗewa yana ci. Abin da ya dame ni shi ne an auna ki ba a tambayi halin da kike ciki ba, alhali Yakubu 1:27 ya ɗora wa ikilisiya kula da marayu da matan da mazansu suka rasu. Kamata ya yi su zo rumfarki tukuna.

Ki riƙe Lahadinki. Da asuba, kafin ki hau kabu-kabu, ki tara yaran ku karanta Zabura ɗaya ku yi addu'a, ko ta minti 10 ce. Sa'an nan ki sami uwar nan a gida, ki gaishe ta da ladabi, ki faɗa mata yadda ranarki take tafiya. Ki roƙe ta ta kai wa shugabar zumunta shawarar a riƙa yin taro ɗaya a wata bayan sujadar Lahadi, domin na tabbata akwai wasu matan kasuwa da ke cikin irin halinki.